Karfatar da Na Kai Gidan Daulat

Ina kan rufin ɗakinmu ina kwashe dusar ƙanƙarar da ta kwana, wata maƙwabciyarmu ta ɗago kai daga lungu ta ce ƙanƙara ta zaftaro a kwazazzabon sama, ta binne garken gidan Daulat gaba ɗaya. Shebur ya suɓuce daga hannuna. Na san wanda ya hau dutsen don ya koro garken, saboda haka abu ɗaya na iya tambayarta.

"Sherbaz fa?"

Ta ce yana raye, sanyi ya ci masa yatsu biyu a hannun hagu, amma da ƙafarsa ya shigo gari. Na durƙusa a cikin dusar nan ina yi wa Allah godiya, hawaye na daskarewa a kumatuna. Da numfashina ya dawo daidai sai na sake leƙa ta, na tambaya ko akwai dabbar da ta tsira. Ta ce ko ɗan maraƙi.

A nan ne wani daɗi ya ratsa ni tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Saura kwanaki kaɗan Nasalo, lokacin da kowane gida ke kayar da dabbarsa ya rataye naman da zai ci har ƙanƙara ta narke, ga shi Bibi Jahan, mahaifiyar Sherbaz, ba ta da ko kazar da za ta ɗora wa wuƙa. Na ɗauki shebur na ci gaba da aiki, ban san lokacin da na fara 'yar waƙa ba.

Wanda bai san abin da matar nan ta yi mana ba zai ce ba ni da imani. To bari ya ji.

Bara war haka Baba bai daɗe da rasuwa ba. Jinyarsa ta cinye dabbobinmu, bijimin yak ɗaya ya rage mana, irin shanun dutse masu dogon gashi, shi ma ɗan matashi ne bai isa yanka ba, don haka akuya muka yanka. Maganata da Sherbaz kuwa ta riga ta yi nisa, Baba da mahaifinsa, Baffa Daulat, sun yi musafaha a kanta tun Baba yana da rai. Inna ta yi abin da kowace uwar 'ya mace ke yi a garinmu, ta cire karfatar dama ta naɗe a ƙyalle mai tsabta, ta ɗauka da kanta zuwa gidan surukai. Gidan da ya karɓi karfata ya karɓi aure, wanda ya mayar da ita ya fasa, kuma ba a yin maganar sau biyu.

Ta tarar da mata cike a ƙofar gidan suna cusa nama a hanji, don bijimai biyu suka kayar a shekarar. Bibi Jahan ta warware ƙyallen, ta ɗaga karfatar akuyar nan da yatsu biyu yadda kowa zai gani, ta kashe murya kamar mai tausayi.

"Haba Gulnisa, ina mu ina cin naman marayu? Mayar ku ɗan yi miya ke da 'yarki, Allah ya rufa asiri."

Haka Inna ta ratso gari da naman a hannu, mutane na kan rufi suna kallonta. Daga baya muka ji dalilin. Wai ni kaɗai iyayena suka haifa, ita kuma ba za ta haifi ɗa namiji ya tafi ya zama bawan gonar wata ba. Tun daga ranar Inna ba ta sake taka bakin ƙofa ba. An yi biki ba ta je ba, an yi rasuwa ta aika ni, ko ruwa ba ta ƙara zuwa ɗiba ba.

Sherbaz ya zo ya ba ni haƙuri, ya ce in ba shi lokaci zai shawo kanta. Na ba shi, don ina son sa, kuma son bai ragu da komai ba, wannan ne ma ya fi ci mini rai. Amma haƙurin da na yi a baki na yi shi. Duk bazara ina hawa gangare ina yanko wa bijimin nan ciyawa, sha'irin da ya kamata mu ci na raba da shi. Mata na tsokanata wai na samu miji mai gashi har ƙasa. Na bar su suna dariya, ni na san abin da nake kiwo.

A cikin shekarar ne Nadir ya fito. Shi ne mai shagon bakin gada, kuma motarsa ce kaɗai ke zuwa birnin Gilgit kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Turarensa kan riga shi shiga ɗaki, ya kuma daɗe bayan ya fita. Ba mugu ba ne, sai dai irin mutanen nan ne da in sun ba ka gishiri sai gari ya ji. Ya kama ƙafa da Kawu Dilbar, ƙanin Inna, yau sukari gobe ganyen shayi, har Kawu ya koma ba shi da zance in ya zo gidanmu sai na Nadir. Ya ce shekaru na tafiya, sa'o'ina duk suna goyo, gidan da ya watsa mana ƙasa a ido kuma ba a zaman jiransa. Nakan zuba masa shayin gishiri in ce Kawu sha kada ya huce.

Juma'ar da ta biyo bayan halakar garken, da aka idar da salla dattawa suka tsaya a bayan masallaci suka yi magana ƙasa-ƙasa, kowa ya san a kan me. A garinmu ba a barin gida ya shiga hunturu babu nama, kuma ba a barin mai gidan ya san wanda ya ba shi. Kowane gida zai yanki kasonsa, namijin gidan ya je kafin gari ya waye ya rataye a ƙofar, ya juya ba tare da ya yi ko tari ba. Da safe matar gidan ta kwashe ta shigar, ta hura wuta ta kira mata aikin hanji kamar ita ma ta yi yanka. Masu zuwa su yi mata barka, su yaba kitsen naman, alhali wata ma tana gane cinyar bijiminta. Haka ake yi tun kakanni, kuma ban taɓa jin wanda ya fasa wannan rufin asirin ba.

Ranar yanka maza shida ne suka taru kafin su kayar da bijimina. Da aka buɗe cikinsa kitse ya bayyana, Kawu Dilbar ya yi kabbara, tsofaffi suka ce bana babu kamarsa a garin. Na tsaya a kan mai fiɗa har ya zo kan karfatar dama, na ce ya cire mini ita sukutum, kada wuƙa ta rage ko tsoka. Na kinkime ta da ƙyar na shigar da ita ɗaki.

Inna na zaune gaban murhu tana kaɗin ulu. Ta dubi naman, ta dube ni, ta gane komai ba tare da na buɗe baki ba.

"Ki ba kawunki ya rataye musu kafin asuba kamar kowa."

"Da rana zan kai, Inna. Da rana aka kore ki."

"Ni aka kora, ba ke ba."

"Ai don ke zan yi."

"Don kanki dai, Zumrud. Ni na bar wa Allah tuntuni."

A raina na ce wadda ta bar wa Allah ba ta shekara a bayan ƙofa. Na ga yadda wuyan hannunta ya rame. Matar da a da in ta yi dariya a bakin rafi ana jiyowa daga masallaci. Duk abin da ya ɗan yi laushi a zuciyata ya sake ƙanƙarewa.

Ban san yadda Nadir ya shinshino maganar ba, ina zargin Kawu. Kafin azahar sai ga shi a ƙofarmu baki har kunne. Ya ce mace irina ba ta tafiya irin wannan shiru, shi zai ɗauko masu ganga da mai algaita su raka ni, kuma ɗawainiyarsu a wuyansa. Na san lissafinsa sarai. In na tozarta Bibi Jahan a bainar jama'a, Sherbaz ya fita daga hanya, shi kuma ya shigo da turarensa. Na ce masa na gode, ya kawo su gobe da hantsi. Ba shi nake so ba, gangunansa nake so.

Da la'asar na ɗauki tulu da gatari na tafi inda muke fasa ƙanƙara mu ɗebi ruwa. Sherbaz na can tsaye yana jirana, hannun hagunsa a naɗe cikin tsumma, leɓunansa duk sun tsattsage. Rabona da ganinsa kusa tun kafin ya hau dutse.

Ya karɓi gatarin da hannu ɗaya ya fasa mini ramin, ya cika tulun, sannan ya ce mai algaita ya gaya masa komai. Ya ce tun da abin ya faru mahaifiyarsa ba ta ci abincin kirki ba, Baffa Daulat kuma ko masallaci da ƙyar yake zuwa. Ya ce amma akwai haske a maganarmu, don shekaranjiya ta ambaci sunana kuma ba ta yi tsaki ba, in na ƙara haƙuri kaɗan bayan Nasalo zai sa mahaifinsa ya je wurin Kawu.

"Da garkenku na raye, da ta ambaci sunan nawa?"

Ya kawar da kai ya dubi ruwan.

"Ina kake ranar da Inna ta ratso gari da karfata a hannu?"

"Ina wurin."

"Kana wurin, da wuƙar fiɗa a hannunka, kana ƙirga tsakuwa. Kalma ɗaya, Sherbaz. Da ka ce wa Innarka ta karɓa, ko ka bi uwata ka riƙe mata kayan zuwa gida, da yau ba ma wannan maganar."

"Uwata ce, Zumrud. A gaban mutane zan ƙaryata ta?"

"Tawa fa, daga sama ta faɗo?"

Sai ga hawaye a idonsa, namiji guda wanda ya tono kansa daga cikin ƙanƙara bai yi kuka ba. Ya ce kullum ya rufe ido sai ya ga bayan Inna tana tafiya, ya ce ya san ya gaza, kuma in dukansa nake so in yi ga gatari nan. Ni ma kukan ya ƙwace mini. Muka tsaya muna yi kamar yara, tulu a tsakaninmu, ruwan cikinsa har ya fara yin fata.

"Ki rama a kaina," in ji shi. "Ki ce in durƙusa a gaban Innarki a tsakiyar gari, wallahi zan durƙusa. Amma kada ki taɓa tsohuwar nan yanzu da take ƙasa. In kika yi mata haka ba zan iya sake kallon fuskarki ba. Ba barazana nake miki ba, zuciyata ce na sani."

"Ni na shekara ina kallon taka."

Maganar ta shige shi, na ga yadda ya runtse ido. Tausayinsa ya kama ni, har na ji zan iya zubar da komai in bi shi. Na share fuska da bakin mayafi na ce to ga hanya ɗaya. Ba na neman Bibi Jahan ta ba da haƙuri, ba na neman ta durƙusa. Ta tako zuwa ƙofarmu gobe da safe ta yi sallama, ta ce Gulnisa ina kwana, barka da Nasalo. Iyakarta ke nan. In ta yi haka, ni da kaina zan sallami masu ganga, naman kuma Kawu ya rataye shi a ɓoye.

"Kin san halinta," ya ce a hankali.

"Na sani. Kai ma yanzu ka san nawa."

Ya ɗora mini tulun a kafaɗa, ya ce zai gwada.

Washegari tun da na idar da salla na share dusar ƙofarmu har ƙasa ta fito, na shimfiɗa dardumar baƙi, na dafa shayi da man shanun da muke ɓoyo don manyan ranaku. Allah ya sani so nake ta zo. Duk takun da na ji a lungu sai in leƙa. Mai kai wa 'yarta hanta ta wuce, masu zuwa gaida tsofaffi suka wuce, hayaƙin suya ya rufe gari. Rana ta fito daga bayan dutse ta hau rufin masallaci, shayin ya huce na sake ɗumama shi.

Wadda ta zo a ƙarshe maƙwabciyar nan tamu ce, ta shigo aron turmi. Ta ce ta biyo ta gidan Daulat, ƙofarsu ta kwana da nama har ƙusa ta lanƙwashe, Bibi Jahan na zaune a tsakiyar mata tana ba da umarni kamar ba abin da ya faru. Ta ce ta ji Sherbaz yana yi mata magana a zaure, ita kuma ta amsa da cewa ƙafarta na ciwo, ba ta fita yawon gaishe-gaishe.

Na juye shayin a toka, na naɗe dardumar. Na saka karfatar a kwandon goyo ba tare da na rufe ta ba, na sa rigata mai aikin ja. Inna ta kira sunana sau ɗaya, ban juya ba.

Nadir na waje da mutanensa, ya sha hular ulu sabuwa har da gashin tsuntsu a gefe. Ganga ta tashi, algaita ta bi. Naman ya yi nauyi, igiyar kwandon na cin kafaɗata, amma ban taɓa jin ƙarfi irin na ranar ba. Na bi hanyar da Inna ta biyo bara, lungu bayan lungu, ban yanke ko ɗaya ba.

Da farko mutane sun ɗauka wasan biki ne, har wasu suka fara tafi daga kan rufi. Da suka ga abin da ke bayana da inda na dosa sai tafin ya mutu. Wata tsohuwa ta ja mayafi ta juya mini baya. Liman na ƙofar gidansa, ya kira ni da sunan Baba, ya ce 'yar wane, koma gida. Na gaishe shi da ladabi na wuce. Na san ba Bibi Jahan kaɗai zan taɓa ba, duk wanda ya fita cikin sanyin asuba ya rataye nama a ɓoye na ɓata masa aikinsa. Amma mutanen nan suna kan rufin nan bara, kuma babu wanda ya ce wa kowa koma gida.

A ƙofar gidan Daulat mata na zaune kewaye da tasoshi, hannuwansu duk kitse. Bibi Jahan na kan kujerarta a tsakiya. Ta rame, idanunta sun faɗa, amma wuyan nan a miƙe yake. Na ɗaga wa masu ganga hannu suka tsaya. Na sauke kwandon a gabanta, na durƙusa kamar 'yar kirki, na sassauta murya yadda ta koya mini, amma na tabbatar na kan rufi na ji.

"Goggo, barka da Nasalo. Na ji abin da ya same ku, na ce ba zan iya haɗiye nama ba maƙwabta na cikin wani hali. Ga ɗan abin da marayu suka samu, a yi wa Baffa miya. Allah ya rufa asiri."

Wurin ya yi tsit, har ɗigar ruwa daga indararo ana ji. Matan suka sunkuyar da kai cikin tasoshinsu. Na kafe ta da ido ina kallon yadda jini ke barin fuskarta, leɓenta na ƙasa na rawa. Shekara guda ina jiran wannan fuskar, kuma da na gan ta ta yi mini daɗi fiye da yadda na zata. In ta mayar, kowa ya san naman da ke tasoshin nan ba nata ba ne, ta raina kyautar gari ke nan. In ta karɓa, ta karɓi sadaka da rana tsaka daga hannun marainiyar da ta kora. Na toshe mata ko'ina, ko kuwa haka na ɗauka.

Sherbaz ya fito daga zaure ya tsaya jikin bango. Ban yarda na dube shi ba, don kada in karaya.

Bibi Jahan ta daɗe tana kallon naman. Can ta miƙa hannu ta juya shi, ta shafa ƙashin, ta duba ta inda gwiwar ta lanƙwasa. Sai na ga rawar leɓen ta tsaya.

"Ta dama ce," ta ce, kamar mai magana da kanta.

Sai a lokacin na farga. Ta dama aka mayar wa Inna, shi ya sa na dage sai ta dama zan kawo, kuma duk tsawon shekarar nan ban taɓa tsayawa na tuna abin da ta dama take nufi in ta fito daga gidan 'ya mace ba.

Ta miƙe tsaye, ta gyara mayafi, ta ɗaga murya yadda har bakin gada za a ji.

"Daulat, fito. Surukanmu sun kawo karfata."

Ta sunkuya ta sa hannu biyu ta rungumo naman nan da ko namiji sai ya yi nishi, ta ɗaga shi zuwa ƙirjinta. Ta ce jama'a su shaida ta karɓa, Gulnisa ta yi musu karamcin da ba a taɓa yi wa wani gida ba, tunda ta aiko amaryar da kanta har da kiɗa.

Ka ga yadda gari ya saki numfashi. Matan da suka rasa inda za su sa fuskarsu suka zabura suna barka, kowa na murnar an samu mayafin da za a rufe abin kunyar. Wata ta ruga ciki ta ɗebo garin alkama ta barbaɗa mini a kafaɗa don albarka. Masu ganga ba su jira umarnin kowa ba suka juya zuwa kiɗan aure. Nadir ya bi su yana cewa su dakata, shi ya ɗauko su, amma wa ke jin sa. Ya tsaya baki buɗe, gashin tsuntsun hularsa na kaɗawa, ya biya kuɗin kiɗan baikon wani.

Ni kuwa ina durƙushe na kasa tashi. In na ce ba haka nake nufi ba, na fasa aurena da bakina a gaban kowa, kuma ba a yin maganar sau biyu. Abin da na kwana ina roƙon Allah a kai ne aka miƙo mini, sai dai hannun da ya miƙo shi ne ya sa jikina ya yi sanyi.

Bibi Jahan ta ajiye naman ta kamo ni ta tsayar, ta rungume ni a gaban mutane. Ƙashin ƙirjinta na sukata. Ta kawo bakinta daidai kunnena, murmushi na fuskarta saboda masu kallo.

"Kafin watan nan ya mutu za a kawo ki. Hanya ta rufe, babu inda za ki, kuma ɗakin wuta ɗaya gare mu. Ni da ke ne, 'yata, har ƙanƙara ta narke."

"Allah ya kai mu, Goggo," na ce, ni ma da murmushina.

Ba ta ba ni tsoro ba. Zama da ita zan iya, in ta dafa mini tsakuwa zan tauna in dafa mata wadda ta fi tauri. Wanda nake nema da ido shi ne Sherbaz, don in yana tare da ni ko uwa goma gare shi ba komai.

Baffa Daulat ya fito yana share ido, liman ma ya iso, aka buɗe musu hanya. Liman ya dube ni ya girgiza kai kaɗan, sannan ya juya ya tambayi Sherbaz ko ya amince da abin da aka karɓa da sunansa.

"Abin da iyayena suka karɓa na karɓa," in ji shi, idonsa a kan dutsen da ke bayan gari.

Aka shafa fatiha. Ya tako ya sunkuya ya saɓi karfatar da hannunsa mai lafiya. Ya zo wucewa dab da ni, har gefen rigarsa ya goge garin da ke kafaɗata. Na kira sunansa a hankali, yadda nake kiransa in mu biyu ne a bakin ruwa. Ya tsaya. Na ga jijiyar wuyansa na harbawa, na jira ya juyo ko da harara ce, ko zagi ne, zan karɓa.

"Inna," ya ce da mahaifiyarsa, "a ba ta shayi, ta sha hanya da kaya."

Ya shige zaure da naman. Mata suka ja hannuna suna waƙa, ganga na tashi, kowa na ce mini amarya, ni kuwa ina ta kallon ƙofar da mijin da zan aura ya shiga bai dube ni ba.